Man giyar atomatik mai tsada: wane ƙarin kuɗi ne ya cancanci a biya?

Shekaru talatin da suka wuce, mai mota a Kano ko Kaduna bai cika damuwa da batun man giya ba, domin galibin motocin da ke kan titi Peugeot 504 ne da 505 waɗanda ake harhaɗawa a masana'antar PAN ta Kaduna, masu giyar hannu, ita kuwa giyar hannu ba ta da tsirfa, ana zuba mata mai a manta da ita shekara da shekaru. Yau al'amarin ya juya. Motocin da aka yi amfani da su a Amurka da Kanada, waɗanda ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, su ne suka cika titunanmu, kuma mafi yawansu atomatik ne, tunda a can ba safai ake sayen mota mai kuloci ba. Tare da waɗannan motoci aka shigo mana da wata tambaya da ke jiran duk wanda ya tsaya gaban shagon mai a Ƙofar Ruwa ko Panteka: ga jarkoki jere a kan kanta, dukansu an rubuta ATF, wato man giyar atomatik, a jikinsu, amma wata ta ninka wata kuɗi sau biyu ko sau uku, mai shago kuma yana rantsuwa cewa mai tsadar nan ita ce ta manyan mutane, mai jure zafi, mai ƙara wa giya tsawon rai. Shin wannan ƙarin kuɗin yana biyan kansa?

Ra'ayina shi ne ƙarin kuɗin nan iri biyu ne, kuma cakuɗa su da ake yi ne ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Akwai tazarar da ke tsakanin jan man da ba a san asalinsa ba da ainihin man da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade mata; wannan ƙarin wajibi ne a biya shi ko da kuwa aljihu zai ji jiki. Akwai kuma tazarar da ke tsakanin wannan man da ya dace da wani na alfarma da ake tallatawa a matsayin wanda ya fi shi ƙarfin aiki, irin na Amsoil ko Red Line ko Motul. Wannan kuwa, ga mafi yawan masu mota a ƙasarmu, kuɗi ne da ya fi amfani a wani wurin. Abin da nake gani kullum shi ne akasin haka: mai ƙaramin ƙarfi yana tsallake na farkon don neman araha, mai kumbar susa kuma yana tsallake shi zuwa na biyun don burga, sai su haɗu a garejin mai gyaran giya.

Kafin a yanke hukunci kan farashi, ya kamata a san aikin da man yake yi, domin ya sha bamban da na baƙin mai. Baƙin mai aikinsa mafi girma shi ne hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin inji. Man giyar atomatik yana yin wannan, amma ƙari a kan haka shi ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, ta cikin wata tukunyar ƙarfe mai fuka-fukai da ke tsakaninsu, wadda kanikawa ke kira konbata. Inji yana juya ɓangare ɗaya, shi kuma ya watsa man da ƙarfi a kan ɗaya ɓangaren ya juya shi. Shi ne kuma yake bi ta ƙananan hanyoyi da bawul-bawul cikin matsi mai ƙarfi ya danne faifan kulocin da ke cikin giyar, waɗanda aka fi sani da faiba, don a tashi daga giya ɗaya zuwa wata. Shi ne har wa yau yake kwashe zafin da duk wannan aiki ke haifarwa ya kai shi lagireto. Abu mafi wuyar sha'ani shi ne batun faiba: ana son man ya yi santsi a wurin haƙoran giya, amma a kan faiba ana son ya bar ta ta zame na ɗan ƙiftawar ido kawai sannan ta kama, ba da wuri ba, ba kuma a makare ba. Idan ta kama da wuri sai mota ta riƙa zabura tana bugu duk lokacin da giya ta canza. Idan ta makara sai ta riƙa sulɓi, sulɓin ya haifar da zafi, zafin ya ƙona ta.

Wannan ma'auni na kamu da sulɓi shi ne ya raba kamfanoni tun da daɗewa. General Motors, wanda ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, ya kafa ƙa'idar mai ta farko da ake kira Type A a 1949, sannan ya zo da Dexron a 1967. Ford ya bi tasa hanyar da Type F, wanda ba a sa masa sinadarin tausasa kamun faiba ba, saboda haka giyar da aka ƙera don Dexron takan yi bugu idan aka zuba mata shi, wadda aka ƙera don shi kuma takan yi sulɓi idan aka ba ta Dexron. Har zuwa farkon shekarun 1970 ana sa kitsen wani nau'in kifin whale a cikin man giya don wannan aiki, sai da Amurka ta haramta shi sannan masu ilimin sinadarai suka nemo madadinsa. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne ba a auna man giya da ma'auni ɗaya da za a ce wannan ya fi wancan kyau. Ana ƙera faiba da man da za ta yi aiki a cikinsa tare, har kwamfutar motar ma an saita ta ne a kan kauri da kamun wannan man. Lamarin ya yi kama da ƙarin jini a asibiti: jinin na iya zama lafiyayye daga jikin ƙaƙƙarfan saurayi, amma idan rukuninsa bai dace da na majinyaci ba, lafiyarsa ba za ta hana shi yin illa ba.

A duba motocin da muke hawa. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 da aka yi don kasuwar Amurka tana amfani da man da ake kira T-IV, wadda ta biyo bayanta daga 2009 kuma WS take sha, wanda ya fi T-IV tsinkewa, kuma Toyota da kansa ya ce ba a musanya su. Daga 2014 yawancin Corolla sun koma wata giya daban gaba ɗaya, wato CVT, wadda maimakon haƙoran giya take da bel ɗin ƙarfe da ke yawo tsakanin fuli biyu, kuma manta na musamman ne, domin aikinsa hana bel ɗin zamewa a kan fulin. Honda ya daɗe yana ƙera giyarsa da wani tsari nasa na kansa, yana da mansa Z1 wanda daga baya DW-1 ya maye gurbinsa, sai kuma HCF-2 na Accord mai silinda huɗu daga 2013. Nissan Altima da Murano masu CVT suna buƙatar NS-2 ko NS-3. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Giyar AL4 da ke cikin Peugeot 406 da 307, wadda ta yi ƙaurin suna a wurin kanikawanmu, an ƙayyade mata LT 71141, kuma ina da yaƙinin cewa wani kaso na wannan ƙaurin sunan ba laifin Faransawa ba ne, laifin abin da aka riƙa ɗura mata ne.

Duk da wannan bambanci, ƙa'idar da ke aiki a gareji da yawa ita ce duk jan mai man giya ne. Launin ja kuwa rini ne kawai da ake sawa don a bambance yoyon giya da yoyon inji, ba ya nuna inganci ko dacewa. NS-2 ma kore ne, wani man Mercedes shuɗi ne. Abin da aka fi samu a kasuwa shi ne jarka mai ɗauke da sunan Dexron III, alhali General Motors ya daina ba da lasisin wannan ƙa'ida tun ƙarshen 2006, bayan ya fito da Dexron VI a 2005. Ma'anar haka ita ce babu wani mai wannan suna da ke bin diddigin abin da ke cikin jarkar. Manyan kamfanoni masu kare mutuncinsu suna ci gaba da yin sa yadda ya kamata don tsofaffin motoci, amma kowa ma na iya buga sunan a jikin robarsa. Wanda ya zuba irin wannan a Corolla mai CVT don ya rage kuɗin lita huɗu, ya sa giyar da kuɗinta ya ninka kuɗin man sau da dama cikin haɗari. A nan ne karin maganar da ke cewa araha ba ta ado take da cikakkiyar gaskiya, kuma a nan ba ni da wata jayayya da masu cewa a biya tsada.

Jayayyata tana farawa ne daga mataki na gaba, kuma adalci ne in fara da faɗin abin da man alfarma yake da shi na gaske, domin ba yaudara ce zalla ba. Cibiyar man fetur ta Amurka ta kasa tushen man da ake haɗa waɗannan kayayyaki da shi zuwa rukuni biyar. Na ɗaya da na biyu daga ɗanyen mai ake tace su. Na uku ma daga ɗanyen mai yake, sai dai an sarrafa shi da iskar haidirojin cikin tsananin zafi da matsi har ya tsarkaka ƙwarai. Na huɗu da na biyar su ne waɗanda ake ginawa daga sinadarai a masana'anta, kuma da su ake yin yawancin man alfarma. Irin wannan mai ya fi jure zafi kafin ya fara ƙonewa ya yi baƙi ya bar dauɗa a cikin bawul, ya fi riƙe kaurinsa bayan dogon aiki, kuma ya fi gudana cikin tsananin sanyi. Waɗannan fa'idodi uku tabbatattu ne.

Sai dai ta ukun ba tamu ba ce. Ƙa'idojin man giya suna gwada gudanarsa a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, abin da ya shafi mai tayar da mota da asuba a Kanada, ba mai tayar da ita a Sakkwato ba. Sanyin hunturu a Jos ko Mambila bai kusanci inda wannan bambanci ke bayyana ba. Wani ɓangare na kuɗin da mutum ke biya na maganin matsalar da ba zai taɓa fuskanta ba ne. Sauran fa'idodi biyun sun shafe mu, musamman ta zafi, tunda a Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40 a Kano da Maiduguri da Yamai. Man giya ya fi son aiki a wajen digiri 80, kuma ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Mota da ke rarrafe cikin cunkoso da rana tsaka, na'urar sanyaya ɗaki a kunne, konbata tana ta dama mai ba tare da iska na bugun lagireto ba, tana cikin yanayin da ya fi kowane cin man giya.

To me ya sa ban yarda a biya ba? Dalili na farko shi ne tazarar ta ragu sosai. A zamanin Dexron III, wanda galibi da rukuni na ɗaya ko na biyu ake yin sa kuma yake saurin tsinkewa, komawa ga man da aka gina a masana'anta babban ci gaba ne. Amma ƙa'idojin da suka zo daga baya, irin su Dexron VI da WS da DW-1 da SP-IV, an tsaurara su ta yadda ba a cika su sai da tushe mai inganci sosai, saboda haka wanda ya sayi na ainihi ya riga ya sami mafi yawan abin da ake yi masa talla a jarkar alfarma. Rubutun sintetik da ke jikin jarka ma, wato iƙirarin cewa a masana'anta aka gina man, bai kai yadda ake ɗaukarsa ba, domin tun 1999, lokacin da Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka bai yi nasara ba, an halatta sayar da man rukuni na uku da wannan suna a can. Sinadaran da ake ƙarawa kuwa, waɗanda su ne ke tsara kamun faiba su hana kumfa da tsatsa, mafi yawansu a duniya daga kamfanoni huɗu suke fitowa: Lubrizol da Infineum da Afton da Chevron Oronite. Jarkoki biyu masu farashi mabambanci na iya zama 'yan gida ɗaya.

Dalili na biyu ya fi ƙarfi, kuma lissafi ne kawai. Giyar mota irin Corolla ko Camry tana ɗaukar wajen lita bakwai zuwa takwas, amma idan aka kwance noti aka juye, abin da ke fita bai wuce lita uku zuwa huɗu ba, saura yana maƙale a cikin konbata da hanyoyin mai da lagireto. Wato wanda ya sayi lita huɗu na mafi tsadar mai a kasuwa ya zuba, abin da ke yawo a giyarsa rabi sabo ne rabi tsoho, kuma tsohon da ya riga ya ƙone yana gaggauta lalacewar sabon. Sai an juye sau uku, ana ɗan tafiya a tsakani, kafin sabon ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Idan man alfarma ya ninka na ainihi kuɗi sau biyu, to kuɗin juye ɗaya da shi ya isa juye biyu da na ainihi, kuma juye biyun sun fi tsabtace giyar nesa ba kusa ba. Babban abin da man alfarma ke sayarwa shi ne tsawon lokaci kafin a sake juyewa, amma mai ba ƙonewa kaɗai ke kashe shi ba. Garin faiba da ɓurɓushin ƙarfe suna taruwa a cikinsa komai tsadarsa, haka ma ƙurar hunturu da ke samun hanya ta bututun numfashin giya, da ruwan da ke shiga idan mota ta ratsa ambaliya da damina. Babu wani tushen mai da ke narkar da waɗannan. Fitar da su kawai ake yi.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ta yi wa giyoyi da yawa illa, wato cewa man wasu motoci na har abada ne, ba a canza shi. Kamfanoni sun faɗi haka, wasu ma sun cire gejin auna man gaba ɗaya. Amma Mercedes, wanda ya fitar da giyarsa mai lamba 722.6 da wannan iƙirari, daga baya ya dawo yana ba da shawarar a canza man a wajen kilomita 60,000. BMW yana cewa man giyarsa na tsawon rayuwar mota ne, alhali ZF, kamfanin Jamus da ke ƙera masa giyoyi da yawa, ya taɓa ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas, gwargwadon wahalar da motar ke sha. Toyota ma, a jadawalinsa na Amurka, ya ce motar da ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi a canza mata a mil 60,000, wato wajen kilomita 96,000. Motar da ta iso mana bayan shekara goma ko fiye a hannun wani, wadda ba mu san tarihinta ba kuma ba mu da tabbas ko lambar da ke kan agogon tafiyarta ta gaskiya ce, ta riga ta cinye wannan har abadar. A ganina, a yanayinmu, juye man giya duk kilomita 40,000 zuwa 60,000 da man da ya dace shi ne abin da hankali zai ɗauka, kuma wanda ke yin haka bai bar wa man alfarma wani gurbin da zai cike ba.

Idan zafi ne abin tsoro, to a yaƙi zafin kai tsaye. A motoci da yawa man giya yana bi ta wani ƙaramin bututu a cikin lagireto ya huce, saboda haka lagireton da ya toshe da tsatsa don an riƙa zuba masa ruwan rijiya, ko fankar da ba ta tashi a kan lokaci, suna dafa man giya kamar yadda suke dafa inji. Wannan bututu kan iya fashewa ruwa ya gauraya da mai, kamar yadda ya faru da Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 a Amurka, kuma ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta ko da wane irin mai aka zuba. Wanke lagireto, da zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, da ƙara wa giya ƙaramin lagireto nata na kanta a gaban mota idan tana aikin wahala, duka suna rage zafin da gaske, maimakon sayen man da zai jure zafin da bai kamata a bari ya taru ba tun farko.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da kasuwarmu, wanda mai rubutu a Jamus ko Japan ba zai sa shi a lissafi ba, shi ne jabu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024, duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Matatar Kaduna, wadda ita ce aka gina wa sashen samar da tushen baƙin mai da dangoginsa, ta shafe shekaru ba ta aiki, saboda haka har masu haɗa mai a cikin gida daga waje suke sayo tushensa. A irin wannan hali ribar mai yin jabu tana ƙaruwa ne gwargwadon tsadar sunan da ya kwaikwaya, shi ya sa jarkar da ta fi tsada ita ce ta fi jan hankalinsa, haka ma gwangwanin Toyota da robar Honda. Tsofaffin jarkoki da ake tsincewa a gareji ba duka ne ake zuba kananzir a cikinsu ba. Mutum na iya biyan kuɗin alfarma ya tafi da jan mai mafi araha a cikin tufar sarauta, ya kuma ƙara wa kansa cuta ta hanyar jinkirta juye saboda ya yi imani man da ya saya mai daɗewa ne. Saboda haka tambayar a wurin wa aka saya ta fi tambayar wane suna aka saya muhimmanci, kuma man da ya cika ƙa'ida daga dillalin da kamfani ya amince da shi, ko daga gidan man babban kamfani, ya fi man alfarma daga hannun da ba a sani ba.

A nan ne lamarin ya wuce zaɓin mutum ɗaya ya zama na hukuma. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, takan kama jabun mai lokaci zuwa lokaci ta nuna wa 'yan jarida, amma kamen lokaci-lokaci ba ya ba mai saye hanyar tantancewa a daidai lokacin da yake tsaye a shago. Tsarin kankare lamba a aika saƙon tes, wanda NAFDAC ta kawo don maganin zazzaɓin cizon sauro da wasu magunguna, ya nuna cewa ana iya sa wannan iko a hannun talaka, kuma ban ga abin da zai hana a wajabta irinsa a kan duk jarkar man giya da baƙin mai ba. Haka nan hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, da ƙungiyar kanikawa ta NATA, waɗanda suke shirya horo, ya kamata su ba wannan fanni muhimmanci, domin bakaniken da ya koyi aiki a kan 504 ba laifinsa ba ne idan bai san cewa motar da ba ta da geji ana auna manta ne ta wani noti a ƙasa, mota a daidaice, man kuma a wani ƙayyadadden zafi da sai na'ura ke nuna shi. Cika mai fiye da kima yana sa shi kumfa, rage shi kuma yana sa faiba sulɓi, kuma kowanne daga cikinsu ya isa ya ɓata aikin mai mafi tsada.

Shi ma mai saye akwai abin da zai karanta a jikin jarka. Akwai bambanci tsakanin man da kamfanin mota ya gwada ya ba shi lasisi da wanda mai haɗa shi ne kawai ya ce ya dace. Dexron VI na gaskiya yana ɗauke da lambar lasisi da ke farawa da harafin J, Mercedes kuma yana wallafa jerin man da ya amince da su a ƙarƙashin kowace lamba. Toyota da Honda ba su bin wannan tsari na raba lasisi, saboda haka idan jarkar wani kamfani ta ce ta dace da WS ko DW-1, shaidar kamfanin ce a kan kansa, wadda darajarta daidai take da darajar sunansa. Wannan ba ya nufin dole sai gwangwani mai tambarin motar. Aisin, wanda ke ƙera wa Toyota giyoyi da yawa, yana sayar da mansa da sunansa, Idemitsu na Japan ma haka, Mobil kuma yana da ATF 3309 na ƙa'idar da T-IV ke bi. Abin da nake ɗari-ɗari da shi shi ne jarkar da ta jera ƙa'idoji ashirin ko talatin a bayanta tana cewa ta dace da duka, daga mai kauri har mai tsinkewa, domin abin da ya dace da kowa a kan tsaka-tsaki ya zauna, kuma da yawa daga man alfarma a wannan sahu suke.

Ban ce babu wanda ya kamata ya biya ba. Direban Sienna da ke jigilar fasinja daga Kano zuwa Abuja ko Maiduguri kullum, mota cike da mutane kaya kuma a sama, yana tara a shekara ɗaya tafiyar da ma'aikacin ofis zai yi shekaru bai yi ba, giyarsa kuma tana wuni cikin zafi. Haka mai Land Cruiser ko Hilux atomatik da ke ratsa yashi a arewacin Nijar, inda taya ke nutsewa konbata ta yi ta dama mai mota na tafiya da ƙyar, ko mai jan tirela. Ga waɗannan, ƙarin juriyar zafi kariya ce ta gaske a ranar da fanka ta mutu a tsakiyar hanya, kuma kwana ɗaya da mota za ta yi a gareji ya fi ƙarin kuɗin man tsada. Sharaɗin dai yana nan: ya cika ƙa'idar motar, ya fito daga hannu amintacce, kuma kada a ɗauke shi a matsayin izinin daina juye. A kuma yi hattara da wanda aka yi don motocin tsere, domin masu tsere suna son giya ta kama da bugu don kada su yi asarar daƙiƙa, wasunsu ma har yau Type F suke zubawa saboda haka, kuma suna warware giyarsu su sake ɗaurawa akai-akai. Abin da suke kira ƙarfin aiki ba shi ne abin da mai kai yara makaranta yake nema ba.

Mutumin da ya fi kowa saurin miƙa kuɗin man alfarma kuwa shi ne wanda ba zai amfane shi da komai ba, wato wanda giyarsa ta riga ta fara ciwo: yana sa ta a D ta yi jinkiri kafin ta ɗauka, ko inji ya yi ta kuka a hanya mota ba ta ƙara gudu, man kuma ya yi baƙi yana warin ƙuna. A wannan mataki faiba ta riga ta cinye, kuma babu man da ke mayar da abin da ya goge. Daga nan ne ma aka samo camfin cewa canza man giya yana kashe ta. Abin da ke faruwa shi ne garin faibar da ke yawo a tsohon man yana ba ta ɗan kamun da ya rage mata, idan aka zuba sabo mai tsabta sai sulɓin ya fito fili, a ɗora wa sabon man laifin ɓarnar da ta daɗe da aukuwa. Motar da manta ya yi duhu amma ba ya warin ƙuna kuma giyarta na shiga daidai, a juye mata a hankali, lita uku ko huɗu a kowane karo, a canza filta idan irin wadda ake canzawa ce, a guji injin da ke tura mai da ƙarfi, wanda Honda ma ya yi gargaɗi a kansa. Wadda ta riga ta fara sulɓi kuwa, a fara sa mata na'ura a ga ko wani bawul na lantarki ne ya mutu, tunda wannan gyara ne mai sauƙi. Idan faiba ce, kuɗin da za a kashe a kan jarkar alfarma gara a ajiye shi a cikin kuɗin sauke giyar.